Mai Neman Ragi a Kan Farin Carbi

Ni mutum ne mai neman ragi. Ko gishiri zan saya sai na taya, in mai kaya ya ce albarka in ƙara ɗan abin da ba a rasa ba, in ya sallama kuma in tsaya jiran gyara. Masu awon dawa a kasuwar Bena sun san ni, akwai ma wanda in ya hango ni yake ƙara wa tiya kuɗi, don ya san sai na rage. A kasuwa wannan ba abin kunya ba ne, wasu ma wayo suke ce masa. Abin kunyar shi ne na kwaso halin nan na shigo da shi har ɗakin uwargida, na zauna ina ciniki da wani carbi na roba wanda ba ya cewa albarka, ba ya cewa na sallama.

Abin da ya ƙara ɓata zancen, lissafi nake koyarwa a wata sakandare a nan Wasagu. Yaro ya ce mini bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne, ko rabin maki ba na ba shi. Ni ake kira in raba kuɗin adashen malamai, wai hannuna ba ya kuskure. To wannan bawan Allah ne ya kasa ƙirga 12 ba tare da ya nemi a mai da ita 9 ba.

'Ya'yanmu biyu na farko sun zo kusa da kusa, uwargida ta rame, ta ce tana so ta huta. Muka je asibiti tare, abin da na daɗe ina yabon kaina a kai, don maza kaɗan ne ke yarda su zauna a bencin masu awo. Malamar ta baje mana kaya a tebur: ƙwaya, allurar wata uku, ashanar da ake sawa a dantse, da robar mahaifa. Uwargida ta taɓa jin wata maƙwabciya tana kukan allura ta rikita mata al'ada, sai ta ɗan noƙe. Ni kuma ina hango yawan komawa asibiti, a ƙasar da saboda 'yan bindiga mutum sai ya tambayi lafiyar hanya kafin ya hau babur zuwa Ribah ko Zuru. Sai malamar ta jawo aljihun tebur ta fito da carbi, ta ce wannan babu magani a cikinsa, ƙirga ce kawai. Na gyara zama, na ce, "Malama, in dai ƙirga ce ai an zo gidan sauƙi."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, ƙirgar ba ta da wuya. Maigida ne ke da wuya."

Na yi dariya, na ɗauka da wasu mazan take.

Carbin ƙwaya 32 ne. Ta farko ja ce, ita ce ranar da jini ya fara zuwa. Sai masu ruwan ƙasa guda 6, sai farare guda 12, daga rana ta 8 zuwa ta 19, sannan masu ruwan ƙasa su ci gaba har ƙarshe. Akwai wani ɗan zobe baƙi na roba da ake matsarwa ƙwaya ɗaya kowace safiya, da kibiya mai nuna inda za a dosa. Zobe yana kan ruwan ƙasa, ba damuwa. Ya hau fari, ciki na iya shiga, sai a ƙaurace ko a yi kariya. Can gaba akwai wata ƙwaya da ta fi sauran duhu: in jini ya dawo kafin zobe ya kai gare ta, zagayowar ta gaza kwana 26, in kuma carbin ya ƙare bai zo ba, ta wuce 32. Aka samu haka fiye da sau ɗaya a shekara, to wannan hanyar ba ta mai ita ba ce. Malamar ta kuma ce kada mu fara sai al'adar ta dawo bayan haihuwa ta zagayo sau uku, ta ƙarshen ta faɗa cikin wannan tsakanin. Fararen kuma suna ɗan haske a cikin duhu. Wanda ya ƙera abin ya san lokacin da ake shiga jarrabawa.

Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Sai ƙaiƙayin malanta ya sa na shiga binciken dalilin 12 ɗin, kuma duk abin da na gano makami ya zame mini.

Ƙwan mace in ya fito, kwana ɗaya ya fi ƙarfinsa, tsakanin awa 12 zuwa 24 yake yi. Maniyyi kuwa yana iya zama a jikinta yana jira har kwana 5. Ka haɗa, kwanakin da ciki ke shiga a wata 6 ne kacal. Matsalar ita ce ba wanda ke sanar da ranar fitar ƙwan. Wani likitan Japan, Kyusaku Ogino, da wani na Ostiriya, Hermann Knaus, su suka gano a shekarun 1920, kowa a nasa ɓangaren, cewa ƙwai yana fita kusan mako biyu kafin al'ada mai zuwa. Wato ranar da kake buƙata ka ƙirgo baya daga gare ta, ba ta zo ba tukuna. Shi ya sa ake faɗaɗa shinge, a zagaye shidan nan da wasu kwanaki ta gaba da ta baya.

Ni kuwa da na ji shida, sai kunnena ya toshe. Shida ce kuɗin kaya, sauran shidan ribar ɗan kasuwa ce. Na ɗauko takarda na nuna wa uwargida: zagayowarki takan yi 29 ko 30, ke nan ƙwai ran 15 ko 16, a cire 5, ya kama 10 ko 11. Rana ta 8 da ta 9 me suka tare? Ta can ƙarshen ma, ta 19 ai zaman banza take. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar yadda nake yi a allo.

Ta karɓi takardar ta duba, ta ce, "Malam, wannan lissafin da rana ka yi shi ko da dare?"

Abin da na sani sarai amma na ɓoye mata shi ne an riga an yi ragin tun daga sama. Tsohuwar ƙirgar kalanda cewa ta yi mace ta rubuta zagayowarta na wata shida, ta cire 18 daga mafi gajarta, ta cire 11 daga mafi tsawo. Ka gwada da 26 da 32, za ka samu daga rana ta 8 har ta 21, kwana 14 ke nan. Masanan Jami'ar Georgetown da ke Amurka, waɗanda suka fito da carbin a farkon shekarun 2000, su suka ɗauki dubban zagayowar mata suka auna, suka ga 8 zuwa 19 ta wadatar. Sun yafe mini kwana biyu ban roƙa ba. Ni kuma na zo ina taya kayan da aka riga aka karya wa farashi.

Amma a yi mini adalci kaɗan, akwai abin da ba a faɗa wa Musulmi a bencin asibiti. A ido, carbin yana nuna maka ƙwaya 20 na sakewa da 12 na haƙuri. Sai dai bakwai ɗin farko yawancinsu na haila ne, shari'a ta riga ta rufe ƙofa. Ta yi wankan tsarki ran 6 ko ran 7, ta yi kitso, ta sa lalle, ɗaki ya ɗauki turaren wuta, kashegari zobe ya hau fari. Wato abin da ake ce maka kwana 12, in ka haɗa da na gabansa ya tasam ma kwana 18 da ɗan numfashi a tsakiya. Na kawo wannan ƙorafin a matsayin zalunci, na ce aƙalla ta rage turaren. Ta ce turarenta ba ya cikin sharuɗɗan da malama ta lissafa.

Dabarar da na fi alfahari da ita, wadda har yanzu in na tuna sai in ji ashe ina da kai, ita ce ta farkon rana. Daren da za a shiga fari ni cikakken ɗan boko ne: rana ba ta sauyawa sai sha biyun dare, kai har ma sai an yi asuba an matsar da zobe, kafin nan muna cikin ta 7. Ranar da za a fita daga fari kuwa sai in koma almajiri: ai kowa ya sani dare ke riga yini, da ladan ya kira magariba an shiga gobe, yadda ake ganin wata a fara tarawihi a daren. Da wannan fiƙihun na ƙwace dare ɗaya ta nan, dare ɗaya ta can, kuma duk hujjojin biyu ingantattu ne, in dai ba a haɗa su wuri ɗaya ba. Uwargida ta haɗa su.

Na kuma taɓa yin tayin taimako, na ce ta bar mini aikin matsar da zobe, tunda safiya hidima ta yi mata yawa. Ta yarda ba musu, abin da ya kamata ya sa in yi tunani. Ashe carbin don ni aka rataye shi. Ita ƙirgarta tana kanta tun tana Islamiyya, tun da aka biya musu babin haila a Ahalari, aka koya musu cewa mafi yawansa kwana 15 ne, da yadda mai al'ada take ƙara kwana uku ta ga ko zai ɗauke. Matan ƙasar nan sun daɗe suna ƙirga don salla da ramuwar azumi, ba su jira Georgetown ba. Abin da aka rasa shi ne sanin inda haɗarin yake a cikin ƙirgar. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kusan mace ɗaya cikin huɗu ce kawai ta san cewa tsakiyar zagayowa ce lokacin ɗaukar ciki. Matata tana cikin ɗayar. Ranar da zobe ya yi tsallen ƙwaya biyu a dare ɗaya, ba ta ce uffan ba, ta mai da shi baya, ta kawo mini koko.

Akwai wani abokin aikina Badakkare, malamin kimiyyar noma, ɗan Katolika. Su cocinsu ba ta yarda da ƙwaya ko allura ba, tun wasiƙar Paparoma Paul na shida ta 1968 magana ta zauna a kan haka, don haka shi da matarsa hanyar Billings suke bi, wadda wasu likitoci miji da mata, John da Evelyn Billings, suka tsara a Ostireliya. Su ba carbi, mace ce ke lura da danshin jikinta kullum: in ya zama mai santsi yana jawuwa, ƙwai ya kusa. Na kai masa kukana a gindin darbejiyar makaranta, ina jiran ya taya ni zagin masu ƙirƙirar wahala. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce babansa shekara bakwai ya yi yana golmo a gonar surukai kafin a ba shi mahaifiyarsu. Damina bakwai, da garma, shi da abokansa, tun yarinya tana ƙarama har ta isa aure. Ya ce, "Kai kuma kwana nawa ka ce?" Na ce ai zamani ya canja. Ya ce ya ga alama.

Daga nan fa sai uwargida ta yi ɓatan wata.

Muka koma bencin nan. Wannan karon ban yabi kaina ba. Malamar ta buɗe katinta ta shiga tambaya ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, ba ɗaga murya. Al'adar tana zuwa tsakanin 26 da 32? Uwargida ta ce tana zuwa, sai wata ɗaya da ta ɗan yi jinkiri, watan da aka yi ta raɗe-raɗin hari muka riƙa kwana da takalma a ƙafa. Malamar ta ce tsoro da zazzaɓi da rashin barci duk suna iya jinkirta ƙwai, shi ya sa ba a taɓa kwanakin gefe. Ana matsar da zobe kullum? Ana matsarwa. An fara daga ranar farko ta jini, ba ranar da ya ɗauke ba? Daga ranar farko. Sai ta ajiye biro.

"To fararen fa?"

Uwargida ta sunkuyar da kai tana gyara goyo. Ni kuma na ga wata takarda a bango mai bayanin allurar ƙyanda, na shiga karanta ta da natsuwar mai shirin jarrabawa.

"Malam, da kai nake."

Na ce, "Wato Malama, in aka duba ta fuskar lissafi..."

Ta ce, "A'a, ni ta fuskar ciki nake dubawa." Ta rubuta ranar awo ta miƙa wa uwargida kati.

A hanyar komawa na ce ai haihuwa ta Allah ce, rabo ne ya rantse. Uwargida tana bayan babur ta ce haka ne, amma kuma an ce tashi in taimake ka. Har gida ba ta ƙara magana ba.

A nan wasan ya ɗan ƙare mini. Yaron da ke bayanta bai isa yaye ba, dole aka cire shi daga nono, ya yi ta zawo yana kuka dare da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya shawararta ita ce a bari aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake neman ciki, kuma tun kafin ita Alƙur'ani ya ambaci shayarwar shekara biyu, tsofaffinmu ma a kan haka suke. Da zancen ya fita, kalmar kwanika a kanta ta sauka. Innata ta zo ta yi mata faɗa a gabana, wai 'yan matan yanzu ba su san kunya ba, ba su san ja wa miji aji ba. Ina tsaye da butar alwala, na san gaskiyar magana, na kuma san in na buɗe baki sai an tambaye ni abin da ba zan iya faɗa wa mahaifiya ba. Na tafi masallaci tun ba a yi kira ba. Ita ta sha laulayi, ita ƙafa ta kumbura, ita aka ce jininta ya yi ƙasa aka haɗa ta da ƙwayoyin ƙarin jini. Ran suna ni na sa babbar riga ana ta miƙo mini hannu ana barka.

Yarinyar kuwa, Allah ya raya ta, ba zan taɓa kiranta kuskure ba. Ta ɗebo kunnuwana da goshina, ko musu nake so in yi babu hanya.

Lokacin da aka gwada carbin a ƙasashen Bolibiya da Peru da Filifin, a kan mata 478, sakamakon da aka buga a 2002 ya ce: in an bi ƙa'ida sau da ƙafa, kusan mata 5 cikin 100 ne ke ɗaukar ciki a shekara. Yadda mutane suke bi a zahiri kuwa, 12 ne. Waɗanda ba sa yin komai, kusan 85. Na daɗe ina kallon tazarar da ke tsakanin 5 da 12. Bakwai ɗin nan na san su. Da za a tara mazajensu a ɗauki hoto, ina sahun gaba da hula a karkace, ina yi wa mai hoto bayanin magariba.

Ba kowa ne laifinsa irin nawa ba. Akwai wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, akwai mai jego, akwai wadda ta kusa daina gani, akwai wadda ta bar allura kwanan nan jiki bai daidaita ba. Akwai matar ɗan cin rani, wanda ranar dawowarsa daga kudu mota ce ke yanke ta, ba carbi ba. Akwai kuma wadda ko nuna wa miji carbin ba za ta iya ba. Kuma carbin ba ya tsare kowa daga ciwon sanyi ko wani abin da ake ɗauka. Ni dai ba ni da ko ɗaya daga cikin uzurorin nan. Mata mai ƙirga daidai, zagayowa mai tsari, miji mai takardar koyar da lissafi.

Masu shawara ba su ƙare ba. A teburin mai shayi wani ya ce maganin abin ƙarin aure, in wannan tana fari waccan tana ruwan ƙasa. Na ce in fararen suka haɗu a mako ɗaya fa? Na kuma tuna albashina. Wani almajiri ya ce in koma azalo, malamanmu na Malikiyya sun halatta shi da yardar mace. Ban ƙi ba, amma wanda ya kasa haƙuri tun daga bakin ƙofa, ba na jin zai iya shi a tsakar ɗaki, kuma su ma masu binsa kusan 20 cikin 100 ciki yana shiga a shekara. Saura kwaroron roba, wanda malamar tun ranar farko ta ce a yi amfani da shi a fararen kwanaki, magana ta ƙare. Sai dai mai kyamis ɗin unguwarmu tsohon ɗalibina ne, na taɓa sa shi ya durƙusa a rana kan rabawa mai saura. Na shiga shagonsa da niyya, ya miƙe tsaye ya ce, "Malam, barka da zuwa, mi za a kawo?" Na fito da maganin mura. Sai da wata hidima ta kai ni Zuru, inda ba wanda ya san ni, sannan na saya, a can ma sai da na taya.

Bayan ta yi arba'in da 'yan makonni, uwargida ta shirya ta tafi asibiti ita kaɗai, ta dawo da filasta a dantse. Ba ta nemi lissafina ba. Ashanar tana aikinta, sai dai tana sa mata ɗigon jini ba kan lokaci ba, abin da ke rikita mata salla, kuma ita mace ce da ba ta son rashin sanin inda take a wata. Ta ce in an yaye yarinya aka cire, jiki ya daidaita, tana so ta koma carbinta, amma da sharuɗɗa. Zobe hannunta kaɗai zai taɓa shi. Rana tana sauyawa ne da asuba, shiga da fita, ba mazhaba biyu. Takardar lissafi ba za ta sake ƙetare labulenta ba. In kuma kayan Zuru sun ƙare, to fararen kwanaki a ɗakin zaure zan yi su, ni da takardun jarrabawar yara.

Na amince da duka, har da rantsuwa. Abu ɗaya kawai na tambaya, shi ma don a san matsaya ne: ko sharaɗin zaure ya haɗa da lokacin hunturu. Ta ce ran kasuwa za ta sayo mini bargo.